DARASIN SANA'A: IDAN GILASHIN MOTA YA ƘI HAWA KO SAUKA

Darasinmu na wannan wata na direbobi ne da yaran mota da masu koyon kanikanci.

A da, yawancin motocinmu na haya, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da hannu ake murɗa gilashinsu. Yanzu kuwa motoci da yawa da ke zuwa kasuwannin ƙauye, kamar Corolla da Sharan, maɓalli ake dannawa, wutar batir ta ɗaga gilashi ko ta sauke shi. Abin yana da daɗi, amma ran da ya ƙi aiki akwai wahala. In gilashi ya maƙale a ƙasa, ruwan sama da ƙura su shiga, ɓarawo ma ya samu hanya. In ya maƙale a sama, fasinja su sha zafi.

Mutane da yawa suna gaggawar sayen sabon injin gilashi, alhali abin da ya lalace ɗan ƙarami ne. Dokar wannan aiki ita ce: fara bincike daga abu mai araha, ka ƙare a kan mai tsada.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Wuta tana tashi daga batir. Tana bi ta fis, ta zo maɓalli, ta bi waya ta shiga cikin ƙofa. A cikin ƙofa akwai ɗan moto mai juyawa. Shi ne yake jan injin gilashi, wato ƙarfen ko igiyar ƙarfen da ke riƙe da gilashin. Ke nan wurare biyar ne ake zargi: fis, maɓalli, waya, moto, da injin gilashi.

MATAKI NA 1: GILASHI NAWA NE SUKA TSAYA?

Murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama. Gwada gilashin kowace ƙofa.

In duk sun ƙi aiki lokaci ɗaya, da wuya a ce moto huɗu sun mutu tare. Duba fis, ko babban maɓallin da ke ƙofar direba.

In na direba yana aiki amma na fasinja sun ƙi, duba maɓallin kulle gilashi. Yana nan kusa da hannun direba. An yi shi ne don hana yara wasa da gilashi. Sau da yawa wani ne ya danna shi bai sani ba. Sake danna shi, shi ke nan, ba ka kashe ko kwabo ba.

MATAKI NA 2: DUBA FIS

Akwatin fis yana ƙarƙashin sitiyari, ko kusa da batir. A bayan murfinsa akwai zane mai nuna aikin kowane fis. Zare na gilashi, ka ɗaga shi wajen haske. In siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, fis ya ƙone.

Kowane fis yana da lamba a kansa. Mai lamba 20 ruwan ɗorawa ne, mai lamba 30 kore ne. Sa sabo mai lamba daidai da wanda ka cire.

Gargaɗi: kada ka ɗaura waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fis. Fis mai gadi ne. Yana ƙonewa ne don ya ceci wayoyin mota. In ka cire mai gadi, waya za ta yi zafi, mota tana iya kamawa da wuta. In sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfen mota. Sai a nemo ta.

MATAKI NA 3: KASA KUNNE

Kashe rediyo. Danna maɓalli, ka sa kunne a jikin ƙofa.

In ka ji moto yana juyawa amma gilashi bai motsa ba, moto lafiya yake. Igiyar injin ce ta tsinke, ko gilashin ya fita daga mariƙinsa.

In ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, igiyar ta harɗe ko haƙoran injin sun cinye. Daina dannawa, kada ka ƙara ɓarna.

In ba ka ji komai ba, ga wata dabara. Kunna fitilar rufin mota, ka bar injin mota a kashe. Danna maɓalli kana kallon fitilar. In haskenta ya ɗan ragu, wuta tana isa moto, amma moto ko gilashi ya cije. In haske bai canja ba ko kaɗan, mai yiwuwa wuta ba ta isa ba. Sai a koma kan maɓalli da waya.

MATAKI NA 4: MAƁALLI DA WAYA

Gilashin fasinja yana da maɓalli biyu: ɗaya a ƙofarsa, ɗaya a wajen direba. Gwada duka biyun. In ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ƙi, wanda ya ƙi shi ne mai laifi. Ƙurar hunturu da ruwan da ke zuba a kansa su ne suka fi kashe maɓalli.

Sannan buɗe ƙofa, ka dubi tsakaninta da jikin mota. Za ka ga wata baƙar roba mai kama da maƙogwaro. Wayoyi suna bi ta cikinta. Kullum ana buɗe ƙofa ana rufewa, wayoyin suna lanƙwashewa har wata ta karye. Danna maɓalli kana motsa ƙofar a hankali. In gilashi ya motsa ya tsaya, a nan cutar take. Mai wayarin zai haɗa ta da kuɗi kaɗan.

MATAKI NA 5: MOTO

In ka danna maɓalli, ka ɗan bubbuga ƙofa da tafin hannu, sai gilashi ya tashi, to moto ya tsufa. Yi amfani da wannan dama ka rufe gilashin, ka kai wa mai gyara. Dabarar ba ta daɗewa.

GILASHI MAI NAWA

In gilashi yana hawa da ƙyar, yawanci datti ne ya cika robar da yake bi. Wanke robar da tsumma da ruwan sabulu, ka bar ta ta bushe. Kada ka zuba baƙin mai. Yana lalata roba, yana kuma tara ƙura.

KAFIN A KWANCE ƘOFA

Cire wayar batir mai alamar (-) tukuna. A ɗaure gilashi da salatif mai ƙarfi, ko wani ya riƙe shi, kada ya faɗo ya fashe. Wani injin yana da ƙarfe mai kama da almakashi, yana iya datse yatsa. In ba ka taɓa yi ba, tsaya kusa da gwani ka kalla. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A KULA DA YARA

Gilashin lantarki yana da ƙarfin da zai matse hannu ko wuyan yaro. Direba ya waiga kafin ya ɗaga gilashi. In za ka fita daga mota, zare makulli ka tafi da shi. Kada a bar yaro shi kaɗai a mota rufe, ko na ɗan lokaci ne.

TAMBAYOYI

1. Faɗi wurare biyar da wuta da aiki ke bi kafin gilashi ya motsa.
2. Me ya sa ba a sa waya a madadin fis?
3. Moto yana juyawa amma gilashi bai motsa ba. Me ya lalace?
4. Wace waya ake cirewa kafin a kwance ƙofa?

Rubuta amsoshinka a littafinka, ka nuna wa malamin ajinku. Ka kuma karanta wa direban garinku wannan darasi. Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.