Ga Magani Kyauta, Me Ya Sa Kuturta Ke Cin Yatsu Har Yau?

Wani mai karatu daga Ajingi ya ce ya ji ana ba da maganin kuturta kyauta, to me ya sa har yau yake ganin waɗanda ta cinye wa yatsu a kasuwar Gaya?

Madalla da wannan tambaya, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take raba maganin kyauta, ana shan sa wata 6 ko wata 12. Da mutum ya fara sha, ya daina yaɗa cutar.

Jinkiri ne ke cin yatsun. Kuturta takan fara da tabo mai haske a fata, kamar ƙyasfi, sai dai in an taɓa wurin ba a ji. Ƙwayar cutar jijiyoyi take kashewa sannu a hankali. Hannu ya daina jin zafi, mace ta sauke tukunya ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya, gyambo ya zauna. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya mayar da yatsan da ya tafi.

To me ke kawo jinkirin? Tsoron bakin mutane. A wurinmu ana ɗaukar ta ciwon gado, kuma ka san yadda ake binciken asali kafin aure. Uban da ke da 'yan mata a gida zai gwammace ya rufe tabon da riga, ya bi masu sassaƙe, da a gan shi a layin asibiti. Wani ma sunan Yadakunya kaɗai, wato asibitin Bela da ke Ungogo, yakan sa gabansa ya faɗi. Wanda ya daure ya je asibiti kuma, in ya gamu da ma'aikacin da ke duba shi daga nesa, da wuya ya koma karɓar maganin wata na biyu.

Ba gadonta ake yi ba, kuma cin kifi da nono ba ya kawo ta. Ana ganin ta a gida ɗaya ne saboda doguwar cuɗanya da wanda bai fara magani ba. Kusan mutum 95 cikin 100 ma jikinsu ba ya kamuwa.

In ka ga irin tabon a jikin wani naka, ka sa ya rufe ido, ka shafa auduga a wurin. In bai ji ba, ka raka shi asibiti da kanka.