Shirya Malami Domin Makarantar Ƙauye

Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da horon malamai ya fara. Cikin 1976 kuwa, da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi wa malamai yawa, har aka ɗauki waɗansu da horon gaggawa. Yanzu mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa ita ce NCE, watau karatun shekara uku, irin wanda ake yi a kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Bichi.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Malamin da aka tura ƙasar Ɗambatta ko Tsanyawa yakan tarar da aji cike, ba benci, littafi ɗaya a hannun yara da yawa, yaran kuma ba iri ɗaya ba. Tilas a shirya shi ya san su tun yana koyarwar gwaji.

1. Ɗan manomi. Da damina aikin gona kan janye shi. Sai malami ya maimaita masa darasi bayan girbi.

2. Ɗan ruga. Da Fulatanci ya tashi. Ko da yake an kafa hukumar ilmin makiyaya cikin 1989, akwai 'ya'yan Fulani a makarantun gari. Malami ya koyi gaisuwarsu da ƙirgensu, ya hana a yi musu ba'a.

3. Almajiri. Ya saba rubutu daga dama zuwa hagu, ga shi da ƙarfin hadda. Kada a ɗauke shi jahili, a ɗora bisa abin da ya sani.

4. Yarinya mai talla. Maganarta da iyaye za a yi, ba da bulala ba.

Game da rashin kayan aiki, a koya wa malami yin lissafi da karan dawa da tsakuwa, da rubutu a ƙasa.

Aikin hakimi

Baƙo ko da ido makaho ne. Wajibi ne hakimi ya sa dagaci ya ba sabon malami masauki, ya haɗa shi da liman da alaramma da arɗo. Malamin hakimi kuma ya rubuta yawan yaran kowace unguwa da ruga, da harshensu, da watannin da sukan yi fashi, ya miƙa wa hedimasta da sakataren ilmi. In ba a yi haka ba, malami zai nemi canji, yara su watse. Allah ya kiyaye.