Darasi: kalmomin hukunci a cikin takardun Ingilishi



Da yawa daga cikinmu suna ƙetare iyaka. Mutumin Maraɗi yana cin kasuwar Jibiya, na Ƙonni yana shiga Illela, na Damagaram yana sauka Kano. Can ma Hausa ake yi, to amma takardun hukuma da Ingilishi ake rubuta su. Ran da rigima ta taso, sai a miƙo maka takarda a ce ka dangwala hannu. Shi ya sa darasinmu na yau ya tsaya kan kalmomin hukunci. Ku ɗauko alli da allo.

Uwar kalmomin ita ce punishment. Ana faɗinta "fanishiman". Ma'anarta horo ko hukunci, kowane iri ne: na uba ga ɗansa, na malami ga almajiri, na alƙali ga mai laifi. Ƴar uwarta ita ce penalty. Wannan kun san ta a filin ƙwallo, wurin bugun daga kai sai mai tsaron gida. A takarda, tana nufin abin da doka ta yanka tun da wuri ga duk wanda ya karya ta. Tushenta ɗaya da peine ta Faransanci.

Yanzu ga wadda ta fi shafar aljihu: fine, ana faɗinta "fayin". Ita ce tara, abin da Faransanci ke kira amende. Asalinta daga kalmar da ke nufin ƙarshe, wato kuɗin da ake biya magana ta ƙare. Wani abin dariya, da ita dai ake amsa gaisuwa. Wanda aka tambaya lafiyarsa ya ce fine, lafiya lau yake nufi. Amma in ka gan ta a takarda da adadin kuɗi a gefenta, ba gaisuwa ba ce.

Kar ku haɗa ta da fee, wadda ake faɗi "fii". Fee kuɗin aiki ne, kamar kuɗin takardar haihuwa ko na shiga kasuwa. Mai biyansa bai yi laifin komai ba. Kar kuma ku haɗa ta da compensation, wato biyan ɓarna ko diyya. A ce shanu sun shiga gonar gero kafin a ɗaure damma. Abin da makiyayi ya ba mai gona, compensation ne. Abin da ya biya hukuma don ya karya doka, fine ne. Na farko na mai gona ne, na biyu na baitulmali. Kowanne ka biya, ka nemi resi, can ƙetare suna ce masa rasit.

In magana ta kai gaban alƙali, hukuncin da ya yanke sunansa sentence. Ɗauri kuwa imprisonment, gidan kaso prison ko jail. Daga nan Hausa ta samo kalmar fursuna. A nan ku buɗe ido sosai, don akwai ƴan ƙananan kalmomi biyu da ke shiga tsakanin ɗauri da tara. Ɗaya or, ma'anarta "ko". Ɗaya and, ma'anarta "da". In an rubuta wata 6 or tara, mutum na da zaɓi: ya biya ya koma gida. In an rubuta wata 6 and tara, zai biya kuma zai yi zaman kaso. Dangi su fara tabbatar da wadda aka rubuta kafin su kai akuya ko rago kasuwa.

Bail kuma, wadda muke ce wa beli, ba hukunci ba ce sam. Sakin mutum ne ya koma gida kafin a gama shari'a, bisa alkawarin zai dawo ran da aka kira shi. Wanda aka ba beli, maganarsa ba ta ƙare ba. In ya ƙi komawa, wanda ya tsaya masa ne zai shiga uku. A ofisoshin ƴan sandan Najeriya akan ga an rubuta Bail is free, wato belin ƴan sanda kyauta ne. Na kotu shi ke zuwa da sharuɗɗan da alƙali ya gindaya.

Masu ɗauko kaya, ga naku. Ma'aikatan duwan, waɗanda ake kira kwastan a can, in sun rubuta seized, sun kama kayan sun riƙe, kuma da sauran magana. In an rubuta forfeited, kayan sun zama na gwamnati, sun tafi ke nan.

Saura sanctions, wato takunkumi. Wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 30 ga watan Yuli na 2023 ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar shi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. An ɗage shi ranar 24 ga watan Fabrairu na 2024. Kalmar tana nufin hukuncin da ƙasashe ko wata ƙungiya suke ɗora wa wata ƙasa.

Aikin yi a cibiyar yaƙi da jahilci: malami ya rubuta fine, fee, bail, or da and a babban allo da manyan baƙaƙe. Kowane ɗalibi ya kwafe su sau 5, ya rubuta Hausarsu a gefe. Daga nan ku amsa wannan tambaya: an kama wani ɗan garinku a Katsina, an aiko takarda mai cewa wata 3 or tarar naira dubu 20. Me danginsa za su yi? Wanda ya fara ganewa ya bayyana wa saura.