Darasi: Allura da zare a gidan Musulmi

Ya ƴan'uwa Musulmi, tufatar da iyali wajibi ne a kan mai gida, amma shari'a ba ta ce sai da sabon yadi ba. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi (SAW) yakan ɗinke tufarsa da hannunsa. To, mu da muke jin kunyar riƙe allura, ina hujjarmu?

Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa a 1994, atamfa ta yi tsada, iyayenmu mata suka rufa asirin gidaje da tsofaffin zannuwa. Zanen da ya koɗe yakan zama majanyi. Idan tsakiyarsa ta mutu, a yanke gefen mai ƙwari a ɗinka wa yarinya riga. Ragowar ƙyallen kuwa ya fi sabo laushi ga fatar jariri, in an wanke shi da sabulu an shanya a rana.

Idan za mu kai ɗinkin sallar yara, kada mu ci bashi. Mu ce wa tela ya bar ninki kamar yatsa 3 a ƙafar wando, domin baɗi a warware shi.