Hukuncin Ratse Zuwa Madina da Ɗa'ifa ga Mai Umra

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk sa'ad da aka ba da hutun makarantu, ko kuwa azumi ya gabato, akan ga ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa na Gyadi-Gyadi da Tarauni suna haramar tafiya Umra. Galibinsu kwana goma ko mako biyu ke hannunsu, guzurin kuwa an daɗe ana tara shi. Don haka wata tambaya takan yawaita a zaurukan karatu bayan sallar Magariba, watau shin ya kyautu mai Umra ya yanki wasu kwanaki daga cikin na Makka ya tafi Madina? In kuma direbobi suka yi masa tallar Ɗa'ifa ko Badar, ya bi su ko ya zauna? Amsar tana bisa ma'auni uku: matsayin wurin a shari'a, da abin da mutum zai bari a baya, da kuma ƙarfin aljihu da na jiki.

Ma'auni na farko: matsayin wuri

Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura kayan tafiya domin ibada a cikinsu. Su ne Masallacin Harami na Makka, da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina, da Masallacin Ƙudus. Na ukun yana hannun mamayar Isra'ila tun 1967, isa gare shi da wuya. Saura biyu ke nan ga mai Umra.

Ya inganta cewa salla ɗaya a Masallacin Annabi ta fi salla 1,000 a waninsa, in ban da Masallacin Harami. A Madina kuma akwai Masallacin Ƙuba, wanda Annabi yakan ziyarta kowace Asabar, aka kuma ruwaito cewa wanda ya yi tsarki a masaukinsa ya je ya yi salla a cikinsa yana da lada kamar na Umra. Akwai maƙabartar Baƙi'a, inda aka binne sahabbai masu yawa, da Imamu Malik mai Muwaɗɗa, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Akwai shahidan Uhudu, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Malaman Malikiyya ma sun tafi a kan cewa Madina ta fi Makka falala, ko da yake mafi yawan malaman sauran mazhabobi sun fifita Makka.

Tare da haka, wajibi ne a fahimta cewa ziyarar Madina ba ta cikin rukunan Umra ko na Hajji. Wanda ya yi harami, ya yi ɗawafi da sa'ayi, ya yi aski, Umrarsa ta cika, ko da bai taka Madina ba. Zancen salla arba'in a jere kuwa, wadda kan riƙe mutum kwana takwas, hadisinta yana cikin Musnadin Imamu Ahmad, amma malaman hadisi sun saɓa kan ingancinsa, kuma babu wanda ya ce farilla ce. Mai kwana goma kada ya ɗora wa kansa abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Kwana biyu ko uku sun isa ziyara.

Ɗa'ifa da Badar kuwa ba su cikin wannan sahu. Zuwansu halal ne domin sanin tarihi da ɗaukar izina, sai dai salla a can ladanta kamar na sauran masallatai yake. A Ɗa'ifa ne ƙabilar Saƙif suka jefi Annabi da duwatsu a shekara ta goma da aiko shi, yana tare da Zaidu ɗan Harisa, har ya fake a wata gonar inabi inda Addasu ya kawo masa 'ya'yanta. A can Abdullahi ɗan Abbas ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira. A Badar kuwa aka gwabza yaƙin ranar 17 ga Ramalana, shekara ta biyu. Malamin makaranta da ya ga waɗannan wurare da idonsa, lalle karatun Sira zai fi daɗi a bakinsa.

Ma'auni na biyu: abin da za a bari

Ahmad da Ibnu Maja sun ruwaito cewa salla a Masallacin Harami tana daidai da salla 100,000. To, mai hankali sai ya yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Tsakanin Makka da Ɗa'ifa kimanin kilomita 90 ne, hanya ce ta hawan dutse. Wanda ya fita bayan Asuba ya dawo bayan Lisha ya bar salloli huɗu a Harami. Wanda ya tsara ya dawo kafin Magariba biyu kaɗai ya bari. Haka Badar, kimanin kilomita 150 take daga Madina, kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Zariya, zuwa da dawowa kan cinye rabin yini. Irin wannan ratse ba ya dacewa da goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowane dare ke da tsada.

Madina ta fi nisa, kimanin kilomita 450, kusan kamar daga Kano zuwa Abuja. A zamanin raƙuma tafiyar kimanin kwana goma ce. A yau mota takan yi sa'a biyar zuwa shida, jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini kuwa, wanda aka buɗe a 2018, yakan kai cikin kamar sa'a biyu da rabi. Mai dabara yakan nemi jirgin sama da zai sauka Madina kai tsaye, ya yi ziyararsa, sa'an nan ya ɗauki harami a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, ya nufi Makka. Ta haka hanya ɗaya kawai zai bi tsakanin biranen biyu. Shiga Rauda kuma ana neman izininsa ta manhajar Nusuk, ya kyautu a nema da wuri.

Akwai mas'aloli biyu na fiƙihu da ke tare da wannan. Ta farko, ƙasaru: a mazhabar Malik tafiyar da ta kai baridi huɗu, watau mil 48, ana rage salla mai raka'a huɗu a cikinta, kuma Muwaɗɗa ta kawo cewa Ibnu Abbas yakan yi ƙasaru a nisa irin na Makka zuwa Ɗa'ifa. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari sai ya cika, haka wanda ya bi liman mazaunin gari. Ta biyu, masu dawowa daga Ɗa'ifa sukan tsaya a miƙatin Ƙarnul Manazil su ɗauki haramin wata Umra. Imamu Malik ya karhanta maimaita Umra a shekara ɗaya, Imamu Shafi'i kuwa ya halatta. Kada ɗaya ya zargi ɗaya.

Ma'auni na uku: guzuri da lafiya

Tarihi ya adana labarin Mansa Musa, Sarkin Mali, wanda ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta Hajji, ya yi ta rabon zinariya, har a komowa sai da ya ci bashi wurin fataken Masar. In mai taskar zinariya ya gaza, ina ga mai albashin wata? Ciyar da iyalin da aka bari a gida wajibi ne, kuɗin makarantar yara yana jiran ƙarshen hutu, ziyara kuwa mustahabbi ce. Ba a cin bashi don mustahabbi a tauye wajibi. Haka wanda ke tare da tsohuwa ko mara lafiya, ya dubi ƙarfinsu kafin ya dubi sha'awarsa, gama dogon zama a mota da zafin Hijaz kan kwantar da mai rauni, har ya rasa sallolin da ya zo dominsu.

Taƙaitawa ita ce, Madina ta cancanci a yanka mata kwanaki, muddin guzuri da lafiya sun ɗauka, wanda bai samu iko ba kuwa babu laifi a kansa. Ɗa'ifa da Badar sai ga mai rarar lokaci da rarar kuɗi, kuma ya tsara dawowa da wuri. Ya kamata a yanke wannan shawara tun a gida, kafin a biya kuɗin kujera, a kuma tambayi kamfanin jigila a rubuce kwana nawa za a yi a kowane gari, da wanda zai biya kuɗin mota.

Allah Ya karɓi ibadar masu tafiya, Ya komo da su gida lafiya, Ya kuma kira waɗanda ba su je ba. Allah ne Mafi sani.