Kafin Ka Goge Fayil a Waya, Ka Tuna da na Kwamfuta

Manhajoji irin su Google Drive, OneDrive da Dropbox suna daidaita fayil tsakanin kwamfuta da waya: ka gyara a nan, gyaran ya bayyana a can. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa ba su san gogewa ma haka take tafiya ba. In ka goge takarda daga cikin manhajar a waya, za ta ɓace a kwamfuta. Google Drive yana riƙe ta a kwandon shara kwana 30, daga nan ta tafi ke nan. Saboda haka kundin digiri, takardun fili ko lissafin shago, ka ajiye musu kwafi daban a filashi, wadda ba ta jone da kwamfutar kullum.

Wata matsalar tana zuwa idan intanet ya yanke. Ka gyara takarda a ofis, aka ɗauke wuta kafin gyaran ya hau, ka koma gida ka sake gyara tsohuwar. Dropbox zai ajiye kwafi biyu, ɗaya da kwanan wata a jikin sunansa. Kada ka yi gaggawar goge ko ɗaya. Buɗe duka biyun, ka haɗa gyaran da hannunka. Kuma kafin ka rufe kwamfuta, don Allah ka duba alamar da ke nuna an gama ɗorawa.

Wurin ajiya na kyauta a Google gigabait 15 ne, kuma Gmail yana ci daga ciki. OneDrive 5, Dropbox 2. Bidiyon biki zai cinye shi, ya haɗa da datarka. Irin waɗannan manyan fayiloli, manhajar FreeFileSync tana daidaita su tsakanin kwamfuta da filashi ba tare da intanet ba.