Kafin Ka Shiga Aikin Gyaran Injinan Masana'anta

Ƙannena matasa, sau da yawa akan tare ni da tambayar ta ina ake shiga wannan sana'a tamu. Wasu ma ɗauka suke aikin ƙarfi ne, na wanda boko ya gagara. Bari in ba ku labarin ranar da na gane ba haka ba ne.

Ina sabon shiga a wani kamfanin gyaran shinkafa a Kano, aka ba ni boris in saka a shaf ɗin wani moto. Na ɗauki guduma na yi ta jibgarsa har ya zauna, ina ganin na burge. Ba a rufa wata ba ya fara kuka, ya ɗau zafi, ya cije. Aiki ya tsaya cak, ga motoci a bakin ƙofa suna jiran lodi. Maigidana ko zagina bai yi ba. Sa ni ya yi na kwance shi, ya nuna mini 'yan ramukan da dukana ya bari a hanyar da ƙwallayen ke bi. Sannan ya ɗumama sabon boris a cikin mai zuwa wajen digiri 110, ƙarfen ya ɗan buɗe, ya sa safar hannu ya zura shi sumul, ba ko ƙwanƙwasa ɗaya.

Tun ranar na san awo ne jarin wannan aiki. Moton da ke juyi wajen sau 1,450 a minti ɗaya, in za ka haɗa shi da famfo, karkacewar da ake yarda da ita tsakanin shaf biyu ba ta wuce kusan milimita 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba. Ido ba ya ganin wannan, sai agogon awo, kana cusa siraran fallayen ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafun moton har allura ta daidaita. Haka giris: in ya yi yawa, shi ma zafi yake jawo wa boris. Ƙwararre kan kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a mariƙinta, ya faɗa maka abin da ke shirin lalacewa tun bai lalace ba.

Hanyoyin shiga kuwa a fili suke. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, inda ake zana jarrabawar NABTEB. Akwai difloma ta shekara 2 a fannin injiniyan kanikanci a irin su Kaduna Polytechnic, da babbar difloma ta wasu shekara 2. Hukumar ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, tana horar da masu sana'a, kuma ita ke kula da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu. Wanda ya koya a hannun maigida, ya daure ya yi Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na 3 zuwa na 1. Na ga gwanaye da suka tsufa a matsayin 'yan kwangilar yini saboda rashin takarda, na kuma ga masu takarda da ba su iya riƙe sufana ba. Ku haɗa biyun, ku ƙara da walda, da karanta zanen inji, da ɗan sanin lantarki.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kai. Kada ka taɓa sa hannu a inji sai ka kashe wuta da kanka, ka datse akwatin wutar da kwaɗo, makullin yana aljihunka, sannan ka danna maɓalli ka tabbatar bai tashi ba. "Ai na ce kada a kunna" ba ta mayar da yatsa. Babbar riga da zobe da agogo kuma, a bar su a gida, domin bel ba ya tambaya kafin ya ja.

Aiki akwai shi: masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, da injinan shinkafa na Kebbi da Jigawa. Duk inda ƙarfe ke juyawa, ana neman mai kula da shi. In ka samu shiga, nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta kowane inji da ka buɗe, abin da ya kashe shi, da awon da ka bar shi a kai. Nawa yana nan har yau, kuma shafin farko labarin boris ɗin nan ne.